Tseren 'Yan Makaranta A Alaba Rago Da Agege

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da mu malamai masu tasowa mu ke ɗauka wasa, alhali kuwa aiki ne babba. Abin nan shi ne tseren 'yan makaranta. Zan kafa maganata a kan 'ya'yan Hausawa mazauna Ikko, musamman na Alaba Rago da Agege, gama su na fi sani, kuma ba mamaki waɗansunmu can za su sami kansu suna koyarwa in sun gama kwas.

Ga wanda bai san wurin ba, Alaba Rago tana yankin Ojo ne, bakin hanyar Badagry, kusa da Jami'ar Jihar Legas wadda aka kafa cikin 1983. Sunanta ma ya nuna abin da ta shahara da shi, watau cinikin raguna da sauran kayan da a ke kawowa daga Arewa. Zangon Agege kuwa ya girme ta ƙwarai, cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa su suka tara mutanenmu a can tun zamanin Turawa. Yaran da aka haifa a waɗannan unguwanni suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ga su da zafin nama. Wanda ya taɓa ganin yaro ya bi ragon da ya tsinke igiya cikin kasuwa gab da Babbar Salla, ya sani akwai ƙafa a wurin. Amma in ka duba jerin waɗanda suka ɗaukaka sunan Nijeriya wajen tsere, da ƙyar ka ga ɗan zango. Ni a ganina laifin yana wuyanmu malamai, domin ba mu tsayawa mu auna gudun yaran nan, balle mu haɗa su ƙungiya mu koya musu.

Kada wani ya ce tseren makaranta baƙon abu ne gare mu. A zamanin Mista Hussey, wanda ya shugabanci sha'anin ilmi a Nijeriya daga 1929 zuwa 1936, aka sa wata garkuwa da sunansa, 'yan makarantun Arewa da na Kudu suna karawa a kanta wajen guje-guje da tsalle-tsalle. Makarantun Ikko da na Yamma kuma suna da nasu kofin mai sunan Grier. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921, ba ta raba karatu da wasanni ba, kuma yau sunanta Barewa, dabbar da Bahaushe ke buga misali da ita wajen gudu. Irin wannan tarbiyya ce ta sa cikin 1954, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, Emmanuel Ifeajuna ya ci lambar zinariya wajen tsallen sama, samari huɗu kuma, watau Muslim Arogundade da Abdul Karim Amu da Karim Olowu da Edward Ajado, suka zo na biyu wajen gudun miƙa sanda. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, ta yaya a ke samun gwanin gudu? A makaranta a ke tono shi. Ku dubi Usain Bolt na ƙasar Jamaika. Sa'ad da ya shiga makarantar sakandare ta William Knibb, hankalinsa yana kan wasan kurket ne. Mai koyar da wasan ya lura da saurinsa, ya ba shi shawara ya gwada tsere. Cikin 2001 ya zo na biyu wajen gudun mita 200 a gasar makarantun ƙasarsu. Cikin 2002, yana da shekara 15, ya cinye matasan duniya a wannan tsere a birnin Kingston. Cikin 2009 kuma ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Jamus. Gasar makarantun nan ta Jamaika tun 1910 a ke yinta, kuma makaranta ce ke cin kofi da yawan makin da 'ya'yanta suka tara. Mutanen ƙasar duka ba su kai miliyan uku ba, watau ko kusa ba su kai mutanen Ikko ba.

In kun ce Jamaika ta yi nisa, ga Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode, nan kusa da Ikko. A makaranta ta fara. Cikin 2013 ta zo ta biyu wajen gudun mita 200 a gasar matasan Afirka da aka yi a Warri. Gudun nan ne ya samo mata gurbin karatu a wata jami'a ta Amurka, sa'an nan cikin 2022 ta yi gudun tsallake shinge na mita 100 cikin sakan 12.12, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba kafin ita. Iyayenta duka biyu malaman makaranta ne kamarmu.

Yanzu zan zo kan ainihin abin da na ke so 'yan'uwa su riƙe. Malami ya kan sami yaro guda mai gudu, sai ya ɗora dukan begensa a kansa, ya manta da sauran. Wannan kuskure ne, kuma tarihin ƙasarmu ya isa shaida. Tun daga 1952 da Nijeriya ta fara zuwa wasannin Olamfik har zuwa na 2024, lambobi 14 ta samu wajen guje-guje da tsalle-tsalle. Takwas daga cikinsu na gudun miƙa sanda ne. Abin mamaki kuma, dukan lambobi biyar da maza suka samu, a 1984 da 1992 da 2000 da guda biyu a 2004, na miƙa sanda ne, babu namiji guda da ya hau dandamali shi kaɗai. Zinariyar 2000 ma mutum huɗu suka haɗu suka ciwo ta, cikinsu har da Sunday Bada haifaffen Kaduna. Na biyu suka zo a filin, amma da aka tabbatar wani ɗan Amurka ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari sai aka mai da musu zinariyar cikin 2012, Bada kuwa ya riga ya rasu a ƙarshen 2011. Ashe da gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in bayyana dalilin da ya sa ƙungiya ta kan fi gwani guda. A gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, mutum na farko ne kaɗai ke tashi daga tsaye. Sauran ukun suna cikin gudu za su karɓi sanda, a cikin wani tsakani mai tsawon mita 30 wanda doka ta yanke. In mai bayarwa da mai karɓa sun saba da juna, sanda ba ta rage sauri ko kaɗan. Shi ya sa 'yan Jamaika suka yi wannan tsere cikin sakan 36.84 a Landan cikin 2012. Raba wannan gida huɗu, ka ga ko wane ya tashi da sakan 9.21, ya fi saurin da Bolt ya yi shi kaɗai. Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na mutanen Japan. A wasannin Rio na 2016 suka zo na biyu, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikin huɗunsu da ya taɓa yin mita 100 ƙasa da sakan 10. Da gwanintar miƙa sanda suka wuce waɗanda suka fi su ƙafa. Wannan kuwa abu ne da malami ke iya koyarwa a ko wane fili.

Sa'ad da na ke gwajin koyarwa a wata makaranta da 'ya'yan Hausawa ke da yawa, na ga yadda a ke yi ranar gasar gidaje. Wani gida yana da yaro wanda duk makarantar ba mai kamo shi. Aka sa shi mita 100, aka sa shi mita 200, aka sa shi dogon tsalle, sa'an nan aka ce shi zai ƙarasa gudun miƙa sanda. Sauran ukun kuwa a safiyar ranar aka tsinto su, ba su taɓa riƙe sanda tare ba. Tun a miƙawa ta biyu sanda ta faɗi, kafin ta iso hannun gwanin an riga an gama. Gidan da ya ɗauki kofi ba shi da wani shahararre, amma kusan ko wane tsere sai ka ga ɗansa ya zo na biyu ko na uku. Ku yi lissafi da kanku. In a ce na ɗaya yana samun maki 5, na biyu 3, na uku 2, gwanin da ya ci tsere uku ya kawo 15. Gidan da ya sami na biyu da na uku a tsere huɗu kuwa ya tara 20. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Uba mai sayar da raguna ko albasa yana bukatar ɗansa a rumfa da zarar an tashi makaranta, kuma yana tsoron gudu ya ɗauke hankalin yaro daga karatu. Amsar wannan tana hannun malami. Rabin sa'a da sassafe, sau uku a mako, ta isa yaron sakandare, ba ta taɓa lokacin kasuwa. Sa'an nan a kafa doka, wanda ya faɗi jarrabawa ko ya cika fashi ba ya shiga ƙungiya sai ya gyara. Da haka gudu zai zama igiyar da ke riƙe yaro a makaranta, a wuraren da yara da yawa ke barin karatu su bi tura baro ko acaba. Kada kuma mu yi wa iyaye alkawarin ƙarya cewa ɗansu zai zama Bolt. Mafi yawan yaran ba za su wuce gasar makarantu ba. Abin da za su samu shi ne lafiyar jiki, da kiyaye lokaci, da sanin yadda a ke aiki da mutane. Yaron zango da ya miƙa sanda ga Bayarabe, shi kuma ya miƙa wa Ibo, da wuya ya tashi yana ƙin maƙwabcinsa, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce a gari kamar Ikko.

Game da 'yan mata, mu tuna dukan lambobi shida da mutum guda ya ciwo wa Nijeriya shi kaɗai a wannan fanni na Olamfik, mata ne suka ciwo su, har da zinariyar Chioma Ajunwa ta dogon tsalle cikin 1996. Iyayen da ke jin nauyin irin tufafin tsere suna da hujja, kuma akwai mafita. Ruqaya Al-Ghasra ta ƙasar Bahrain ta ci gudun mita 200 a wasannin Asiya na 2006 da kanta a rufe, jikinta a suturce. In aka sami malama mace ta kula da su, aka yardar musu dogon wando da ɗankwali, iyaye da yawa za su saki jiki.

Saura maganar fili, gama makarantu da yawa a waɗannan unguwanni a matse su ke. Gudun mita 100 ba ya bukatar kome sai miƙaƙƙen wuri mai laushi wanda aka tsince kwalabe da ƙusoshi. Igiyar awo, da toka ta ja layi, da guntun gora mai tsawon santimita 30, da agogon da ke cikin wayar malami, sun isa a fara. Ga kuma filin wasa na Agege da na Teslim Balogun a Surulere, inda ya kamata a nemi izini a kai yara su ga yadda babban fili ya ke tun kafin ranar gasa.

Saboda haka ga shawarata ga duk wanda aka ba shi aji. A makon farko ya auna gudun ko wane yaro, ya rubuta a littafi da kwanan wata, ya sāke awo ko wane wata, domin yaro ya ga ci gabansa da idonsa. Ya zaɓi shida ko takwas maimakon huɗu, saboda ciwo da tafiya. Ya sa mai saurin tashi a farko, mai dogon taki a miƙaƙƙen layi, wanda ya iya kwana a na uku, mai sanyin zuciya a ƙarshe, su yi ta maimaita miƙa sanda har su iya ba da waiwaye ba. Kada ya sa yaro guda tsere fiye da ƙarfinsa, kada kuma ya yarda a rage wa yaro shekaru don a ci kofi, gama wannan koyar da ƙarya ne. Daga nan ya tafi wurin Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, ya gaishe su, ya gayyace su ranar gasa. Na tabbata mutanen da ke sayar da raguna ɗari-ɗari ba za su kasa ba da guda ga gidan da ya ci ba, kuma uban da ya ga ɗansa ya karɓi kyauta gaban sarki ba zai ƙara hana shi fita da safe ba.

'Yan'uwana, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mu fara tun daga nan kwaleji, ko wane ɗayanmu ya fito fili da yamma ya koyi riƙe agogo da miƙa sanda, domin abin da malami bai iya ba, ba shi da halin koyar da shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a danƙa mana, amin.