Ƙofar Da Aka Sha Wuyar Buɗewa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya ga 'yan mata sanye da rigar digiri a ranar yaye ɗalibai sai ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa jiya-jiya ne aka fara.

Lokacin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, maza zalla aka ɗiba. Sai a 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka buɗe wa 'yan mata 'yar makaranta a birnin. Shekara biyar bayan haka Kofoworola Ademola, mutuniyar Legas, ta karɓo digirinta a Jami'ar Oxford ta Ingila, mu kuwa Arewa ba mu sami sakandaren gwamnati ta mata ba sai a 1956, a Ilorin. Ko da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ina matan da za su cika azuzuwanta? Saboda haka aka riƙa samunsu ɗai-ɗai, kamar su Aloma Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa a 1966, wadda ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012.

Darasin a fili yake. Digiri daga aji ɗaya na firamare yake somawa, kuma jinkirin shekara goma a ƙasa yakan zama giɓin zamani guda a sama.

To, mu dubi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Yaran maza ne, amma wa ya fi ɗanɗana kuɗarsa? In tsoro ya shiga gida, yaro akan tura shi birni wajen dangi ya ci gaba, yarinya kuwa sai a ce ta zauna, daga nan sai aure. Ba a zargin iyaye, domin rai ya fi allo. Amma yarinyar da ta bar aji a lokacin, ita ce gurbin da babu kowa a jami'a yau.

Nana Asma'u ba ta jira mata su zo Sakkwato ba, jajis ta aika musu har ƙauyuka. Ina kira ga ƙungiyarmu ta yi koyi da ita: kowane hutu, ɗaliban waɗannan ƙananan hukumomi uku su koyar da ƙannensu mata, a kuma kafa asusun biya musu kuɗin jarrabawa. Da sandar da ke hannu ake jifa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.