Bitar Wasan Poker Ba Ta Mayar Da Caca Sana'a

A shekarar 2003 wani akawu Ba'amurke mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga babbar gasar karta ta poker ta hanyar wasa a intanet, ya je birnin Las Vegas ya lashe dala miliyan 2.5. Tun daga lokacin wasan ya bazu a duniya, kuma wayar hannu ta shigo da teburinsa har cikin ɗakunan ɗalibanmu. Tare da shi wata hujja ta iso wadda ya kamata a amsa ta da ilimi: wai poker ba caca ba ce, ƙwarewa ce, tunda masu yin ta suna zama su yi bitar wasanninsu kamar yadda ɗalibi ke bitar darasi.

Bitar kam gaskiya ce. Shafukan wasan suna adana bayanin kowane zagaye: katunan da aka raba, kujerar da mutum ya zauna, nawa ya zuba, yaushe ya ƙara, yaushe ya janye. Manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager suna tattara dubban zagaye su fitar da lissafi, sai ɗan wasa ya gano inda kuɗinsa ke yoyo, ko yana shiga wasa da katuna marasa ƙarfi ne, ko kuwa fushi ke ɗibarsa bayan asara. Ba mu musun cewa akwai dabara a ciki. A 2019 ma wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda masana na Jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararru a teburin mutum shida.

Sai dai shari'a ba ta rataya haramcin caca a kan rashin dabara ba. Abin da malamai suka kira maisir ko ƙimar shi ne kowa ya zuba dukiyarsa a kan sakamakon da ba a sani ba, wanda ya ci ya kwashe ta wanda aka ci. Wannan siffa tana nan daram a poker, ko an yi bita ko ba a yi ba. Mai riƙe da katin A guda biyu, wanda babu farawar da ta fi shi ƙarfi, idan ya kara da mai wasu tagwayen katuna yakan faɗi kusan sau ɗaya cikin biyar, alhali bai yi kuskuren komai ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta riga ta ambaci cewa a giya da caca akwai wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Daga baya aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci da umarnin nisanta, suka kuma bayyana dalili: ƙiyayya da gaba tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Ita kanta bitar, in aka duba ta da idon basira, shaida ce a kan wasan. Idan mutum shida suka zauna da dala 100 kowannensu, dala 600 ke kan teburi, kuma ko sun kwana suna wasa ba za ta haihu ba. Raguwa ma za ta yi, domin mai shafin yana cire kamashonsa daga kuɗin da aka tara. Manomi yana fitar da hatsi, tela yana fitar da riga, amma teburin karta ba ya fitar da komai. Saboda haka ribar ƙwararre asarar wani ce, kuma manhajojin nan ba kurakuransa kaɗai suke nuna masa ba, har da raunin abokan wasansa. A bakin 'yan wasan, sunan mai rauni "kifi". Wanda ya inganta wasansa ya ƙware ne wajen cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, abin da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Akwai kuma tarko ga wanda ake ci. Bita tana raya masa cewa asarar jiya kuskure ne da za a gyara gobe, sai ya koma ya sake zubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma bin sawun asara da fatan mayar da ita na daga sanannun alamominta.

Muna kira ga ɗalibin da ya faɗa wannan harka da ya yi bitar da ta fi kowace gaskiya: ya buɗe bayanan asusunsa na banki na wata shida, ya haɗa abin da ya fita da abin da ya shigo, ya ƙirga sallolin Asuba da suka kuɓuce da darussan da aka rasa. Wannan ita ce muhasabar da magabata suka yi wasiyya da ita. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa caca da ya yi sadaka, to ina ga wanda ya zauna ya yi? Iyaye kuma su tambaya cikin hikima, su buɗe ƙofar tuba ba tare da tozartawa ba. Ƙwaƙwalwar da ta iya tace dubban zagayen karta za ta iya lissafin kasuwanci ko ilimin ƙididdiga, inda riba ba ta buƙatar hawayen wani.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya wadata mu da halal.