Mu gyara akurki kafin mu nemi magani

A Afala da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kaza ita ce asusun uwargida. Da ita ake sayen sabulu da littafin yaro, ita ake yankawa idan baƙo ya sauka. Amma akwai wani ɓarawo da ke cin wannan asusu cikin dare, kuma yawancinmu ba mu lura da shi ba.

Wani ƙwaro ne ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar gero ba. Da rana yana ɓuya cikin tsagar bangon akurki, da ƙarƙashin itacen da kaji ke kwana a kai, da cikin ciyawar kwanci. Da dare sai ya fito ya sha jinin kaza. Kafin ya sha launinsa toka-toka ne, idan ya ƙoshi sai ya koma ja. Daga ƙwai zuwa babba kwana 7 sun ishe shi a lokacin zafi. Yana iya yin wata 8 bai sha jini ba, kuma bai mutu ba. Tantabaru da tsuntsayen daji suna kawo shi, haka ma kwandon kaji da aka shigo da shi daga kasuwar Tawa.

Kazar da ya addaba takan rame, ta rage ƙwai, ta ƙi shiga akurki da yamma. Mai kwanci takan tashi ta bar ƙwanta, ƴan tsaki su mutu. Mutanen gida ma yana cizonsu.

Da yawa daga cikinmu sai mu ɗauko maganin feshin wake ko na albasa mu shafa wa kaza. Wannan kuskure ne babba. Gubar tana shiga nama da ƙwai, ƴaƴanmu su ci. A shekarar 2017, a ƙasashen Turai, an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwa saboda an fesa wa gidajen kaji wani magani da aka hana, mai suna Fipronil, domin kashe wannan ƙwaro. Ga shi kuma da rana ƙwaron ba ya jikin kaza, yana bango.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka mu yaɓe kowace tsaga. Mu ƙone tsohuwar ciyawar kwanci, mu zuba ruwan zafi a kan itatuwan kwana. Mu ajiye toka da rairayi inda kaji za su yi birgima. Bayan mako 1 mu sake, domin ƙwan ƙwaron da suka rage sun ƙyanƙyashe. Sabuwar kaza mu ware ta mako 2.

A daren yau, mu goga farin ƙyalle ƙarƙashin itacen kwanan kaji. Idan muka ga jan tabo, mu fara aiki gobe da safe. Idan abin ya ƙi ci, mu nemi likitan dabbobi ya nuna mana maganin da ya dace da kaji.