Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin asibitocin Khartum da Omdurman

Ranar 1 ga Fabrairu 2025, da aka yi wa kasuwar Sabrin da ke Omdurman luguden wuta, asibitin Al-Nau aka kai gawawwaki da masu raunuka. Dole duniya ta ji. Ku ba 'yan jarida adadi, ku faɗa musu in jini ko magani ya ƙare.

Sai dai roƙona, ku naɗa mutum ɗaya mai amsa musu tambaya. Kada kyamara ta shiga ɗakin jinya sai da yardar majinyaci, ko ta danginsa in ba ya cikin hayyacinsa. A wannan yaƙi, hoton fuska kaɗai ya isa a zargi mutum da goyon bayan wani ɓangare. Matar da aka yi wa fyaɗe kuwa, ko sunan unguwarta kada ya fita.

Wassalam.