Shinkafar Disamba Ba Ta Kai Talaka Watan Maris

Kai matashi Kirista mai saurin rubuta “Amin” a ƙarƙashin hoton marayu a Facebook, zo mu yi magana.

Ka tuna ranar 21 ga Disamba, 2024? Mutum 10 ne suka rasu, har da yara, a turmutsitsin rabon abincin Kirsimeti a cocin Holy Trinity da ke Maitama, Abuja. Masu rabon alheri suka nufa, babu shakka. Amma abin da ke fito da uwa da goyonta tun kafin gari ya waye saboda ’yan mudun shinkafa, yunwa ce ta wata goma sha ɗaya da ba wanda ya leƙa ta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kai ma ka san yadda cefane ya koma.

Ni dai a ganina, mun mayar da kula da talaka biki na shekara-shekara. A tara buhuna, a buga riguna, a ɗauki bidiyo, a ɗora a TikTok, shi ke nan sai baɗi. Wani ma sai ya haska fuskar tsohuwa tana kuka kafin ya miƙa mata leda. Haba! Da mahaifiyarka ce, za ka yarda?

Buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 6 ka gani. A ikilisiyar farko kullum ake rabon abinci. Da aka yi ƙorafin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, sai aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanus, aka ɗora musu aikin. Ka ga ke nan akwai tsari, kuma an san waɗanda za a tambaya idan wata ta kwana da yunwa.

Kar ka ce ai kai ɗalibi ne, ba ka da ko sisi. Shekarar Firedarik Ozanam 20, yana jami’a a Paris ta Faransa, lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar St. Vincent de Paul a 1833. Gida-gida suke bin matalauta, su zauna da su, su kai musu burodi da itacen wuta.

Zumuntar matasanku tana da dandalin WhatsApp, ko ba haka ba? To ku rubuta gidaje biyar a unguwarku, Kirista ne ko Musulmi, don yunwa ba ta tambayar addini. Kowa ya kawo kuɗin data na mako ɗaya a wata, a auno masara, a biya wa yaro guda kuɗin makaranta. Mutum biyu su kai da yamma, waya kuma ta zauna a aljihu.