Motar kankare ta koma da kayanta, laifin wa?

1/ Lokacin da nake IT a wani gini a Abuja, a gabana aka mayar da motar kankare cike da kaya. Injiniya ya gwada, ya ce ya yi ruwa. Kowa ya hau zagin kamfanin. Ni kam ban yarda laifinsu ne su kaɗai ba. 🧵

2/ Kankare ba ya jiran kowa. Da ruwa ya taɓa siminti, ƙa'idar da aka saba ita ce a zuba shi cikin kamar minti 90. Motar nan ta kusa awa guda a bakin get cikin zafin rana, kafintoci ba su gama buga katako ba, rodi ma ba a duba ba.

3/ Da ya fara kamawa, sai direba ya ɗura masa ruwa wai ya yi laushi. Nan aka kashe shi. Ƙarin ruwa yana rage ƙarfin kankare, kuma dekin ne fa, mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Injiniya ya yi daidai wallahi.

4/ Mai gini, kar ka kira mota sai wuri ya shirya, hanya a buɗe, leburori na tsaye. Ƙarfin da kake so, 25 ne ko 30, da laushinsa, a rubuce za ka ba kamfani.

5/ Ku kuma kamfani, ku rubuta lokacin haɗi a takardar kaya, ku kira kafin mota ta tashi. Direba kar ya taɓa tiyo sai injiniya ya ce.

6/ Ranar har magariba muna zaune jiran wata motar, leburori kuma sai da aka biya su kuɗin yini.