Kamfani Na Da Baki, Talaka Ma Na Da Nasa

Ya ku 'yan'uwa talakawa na Limawa, da 'yan kasuwar Dutse da Shuwarin, ku karkaɗe kunnuwa. Yau kamfanoni sun bar dogara ga sanƙira, sun shigo cikin wayoyinmu. Da mutum ya buɗe Facebook sai ya iske sun riga shi, wannan na yabon tumatirinsa, wancan na cewa zo ka ci bashi ba jingina. Ba mu hana su ba, gama kowa ya kasa kaya tilas ya yi kira. Amma wanda ya kasa, tilas kuma ya jure a ɗanɗana, a kushe. Su so su ke su yi magana mu yi shiru. Mu kuwa ba mu yarda ba!

A watan Satumba na 2023 wata mata a birnin Ikko ta sayi tumatirin gwangwani na Nagiko, wanda kamfanin Erisco Foods ke yi, ta rubuta a Facebook cewa ta ji sukari ya yi yawa. Kamfani ya ce a gardamar da ta biyo baya ta zarge shi da kashe mutane, ya kai kuka ga 'yan sanda. Aka kama ta, aka kai ta Abuja. A 2024 aka gurfanar da ita gaban Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015. Kamfani kuma ya nemi diyyar Naira biliyan 5.

Mu ba alƙalai ba ne. In ta yi ƙazafi, kamfani na da lauyoyi, ya kawo shaida, shari'a ta raba su. To, me ya kawo kamu a zancen tumatir? Mu mutanen Dutse mun san ɗacin wannan, domin a Nuwamba 2022 an ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta garin nan zuwa Abuja saboda abin da ya rubuta a Twitter game da matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙara.

Yanzu ku dubi yadda a ke yi in kamfani ne ya ci mutuncin talaka. Akwai kamfanonin ba da rance ta waya waɗanda in ka ci bashin jari, sai su kwashe lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara biya, sai su aika wa surukanka da abokan cinikinka saƙo su ce kai macuci ne. A Agusta 2021 hukumar NITDA ta kama kamfanin Soko Lending da laifin keta sirrin masu cin bashi, ta ci shi tarar Naira miliyan 10. Ku yi lissafi, jama'a. Abin da aka nema a hannun mace ɗaya ya ninka wannan tara sau 500! Ashe mutuncin gwangwani ya fi na ɗan Adam tsada?

Kada kuma a ce mana Gwamnati ba ta da ƙarfi. A Yuli 2024 hukumar kare masu saye, watau FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220. Wanda ya iya kama giwa, ai akuya ba ta gagare shi ba.

Doka ba ta bar mu tsirara ba, rashin sani ne ke cutarmu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba ka ikon kai ƙarar wanda ya yi wasa da sirrinka. Sashe na 24 na dokar intanet, wanda da shi a ke farautar masu magana, an rage faɗinsa a 2024.

Mu ma sai mu tsare kanmu, tun da muna tallar dabino da riɗi a WhatsApp. Kada ka saka hoton kayan da ba shi za ka aika ba. Kada ka watsa hoton wanda ka ke bi bashi, kai shi gaban sarkin kasuwa ko alƙali. In za ka kushe kayan kamfani, faɗi abin da idonka ya gani, ka adana rasit, ka bar zagi.

Abin da mu ke nema a fili ya ke. A daina mayar da 'yan sanda dogaran kamfani. Duk kamfanin da ya tona asirin mai bashi a janye masa izini, ya biya wanda ya ɓata wa suna. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su tara ƙorafin 'yan'uwa su kai FCCPC a dunƙule, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Da kuɗinmu su ke tsaye. Wanda ya karɓi kuɗin talaka, to, ya karɓi maganarsa. Allah ya taimaki mai gaskiya, amin.